Sukundireban Orval

Ran Asabar, kafin rana ta faɗa bayan rumbunan masara,
Orval Stensrud yakan bar motarsa a bakin shinge
ya tako filin tsere da ƙafa,
sukundireba mai jan mariƙi a aljihun baya.
Sai ya durƙusa a kwana ta uku, ya soka shi cikin yumɓu,
ya zaro, ya duba, ya shinshina,
kamar mai gashi yana gwada ko nama ya nuna.

Ni ne yaron da ke cikin tankar ruwa, gefen babana.
In Orval ya ɗaga yatsu biyu, mu ƙara zagaye biyu.
Dama uku suka rage masa a wannan hannun,
injin girbi ya ci sauran shekarar da aka yi ambaliya.

Litinin zuwa Juma'a madara yake kwasa
gona zuwa gona a arewacin Iowa,
a hankali, sai ka ce mai dakon ƙwai.
Wa zai ce shi ne lamba arba'in da bakwai,
mai shiga kwana a karkace,
gindin mota na neman wuce goshinta,
laka na tashi tana faɗa mana cikin kofin lemo,
mu shanye haka nan, muna ihu?

Kofin gasa bai taɓa kwana a gidansa ba.
Sau huɗu yana zuwa na biyu.
Wani dare, saura rabin zagaye, injin ya yi tari ya mutu.
Ya fito ya sa kafaɗa, ya tura ta har layi.
Duane Hovland ya riga ya karɓi tuta, yana murmushin hoto,
amma mai hoton ma ya juya masa ƙeya.

Verna, matarsa, tana can benci na sama, saƙa a cinya.
Ba ta taɓa kallon kwana ta uku ba.
Da kunne take bin sa.
Ta san kukan injinsa cikin motoci ashirin
yadda uwa ke gane tarin ɗanta cikin dare.

Duk garin mun ɗauka katangar nan ce ajalinsa.
Ina!
Ciwon sukari ne ya fara da ƙafar totur,
sannan ya dawo ya ɗauki sauran
a gadon asibiti, cikin Fabrairu,
ƙanƙara ta rufe taga, ba ƙarar komai sai agogo.
Bayan jana'iza Verna ta miƙo mini wani abu a ledar burodi.
Ta ce, "Ya ce kai ka san amfaninsa."

An sayar da filin tuntuni.
Katakon benci ya zama shingen aladen wani,
lasifika ta yi shiru, waken suya ya cinye layin farawa.
Turken fitila guda ne ya ƙi faɗuwa,
shaho ya mai da shi wurin zama.
Yaran yanzu in ka ce Orval, sai su ce na ina?

Bana, cikin Yuni, na tsayar da mota a bakin hanya.
Gwiwa ba ta son durƙuso, amma na durƙusa
daidai inda ƙasa ke ɗan tudu har yau,
inda garma ta kasa mantar da ita kwana.
Ɗan mai gonar ya leƙo daga tarakta:
"Tsoho, me ka yar?"
Ban amsa ba. Na soka, na zaro, na shinshina.

Ta bushe, Orval. Tana son ruwa.
Na ɗaga yatsu biyu sama,
na daɗe a haka,
yaron yana ta kallona, injinsa na ruri.